Jami'in tsaron iyaka da ya rasu bayan jinya: shin iyalansa suna da kuɗin inshora?

"Assalamu alaikum. Yayana jami'in Hukumar Shige da Fice ne, ya yi shekara goma sha shida yana aiki, mafi yawansu a kan iyakarmu da Nijar. Allah ya yi masa rasuwa wata biyu da suka wuce bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Ya bar mata biyu, 'ya'ya shida, maza uku mata uku, da mahaifiyarmu. Wani abokin aikinsa ya ce kada mu wahalar da kanmu, wai kuɗin inshora na waɗanda aka kashe a bakin aiki ne ko suka yi haɗari, wanda ya mutu a kan gadonsa ba shi da komai sai ɗan abin da ya tara na fansho. Kuma sunana ne ya rubuta a takardunsa tun kafin ya yi aure. Shin maganar nan gaskiya ce? In akwai haƙƙi, ta ina za mu fara, kuma na wane ne?"

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayanka, ya sa jinyar da ya yi ta zama kaffara, ya raya abin da ya bari, ya ba Hajiya da iyalansa haƙuri. Malam, tambayarka ta kasu gida uku: ko mutuwa ta hanyar ciwo tana hana biyan kuɗin inshora, ta wace hanya ake nema, da kuma wanda kuɗin yake zama nasa idan ya fito. Na yi shekaru ina aikin biyan haƙƙoƙin mamata a ɓangaren inshorar ma'aikata, fayiloli irin na yayanka sun sha wucewa ta hannuna, kuma zan fara da amsar da ta fi muhimmanci: abin da abokin aikin nan ya gaya muku ba daidai ba ne. Inshorar ran ma'aikaci ba ta tambayar ko harsashi ne ya kashe shi ko ƙoda. Abin da take tambaya shi ne, a ranar da ya cika, ma'aikaci ne shi ko ba ma'aikaci ba ne.

Inda kuskuren ya samo asali

Ba na zaton mutumin nan ya yi muku ƙarya da gangan. Abubuwa uku ne mabambanta mutane suke haɗawa su kira su duka da suna ɗaya, wato inshora, har su kansu ma'aikatan. Akwai inshorar rai ta rukuni wadda mai ɗaukar aiki yake yi wa dukkan ma'aikatansa a dunƙule. Akwai inshorar haɗari, wadda wasu hukumomi suke ƙarawa don kansu, ita kuwa gaskiya ne ba ta biya sai an yi haɗarin mota, ko harbi, ko faɗuwa, ko makamancin haka. Sannan akwai diyyar ma'aikaci, wadda ake biya idan aikin ne ya jawo rauni ko ciwo ko mutuwa. Sharaɗin da ya ji na ta biyu ne da ta uku, sai ya ɗora shi a kan ta farko. Ƙari a kan haka, jami'in da 'yan bindiga ko 'yan fasa-ƙwauri suka kashe, ana jin labarinsa a rediyo, manya su zo ta'aziyya, wani lokaci a miƙa wa iyalansa cek a gaban 'yan jarida. Wanda ya rasu a asibiti kuwa shiru ake yi, ko an biya iyalansa babu mai sani, shi ya sa abokan aiki suke ɗauka ba a biya.

Tushen inshorar rai ta rukuni yana cikin Dokar Gyaran Fansho ta 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004. Sashe na 4, ƙaramin sashe na 5, ya wajabta wa duk mai ɗaukar aiki ya yi wa kowane ma'aikacinsa inshorar rai wadda ba za ta gaza ninki uku na jimillar albashinsa na shekara ba, kuma shi mai ɗaukar aikin ne zai biya kuɗin zubin, ba a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci. Dokar ba ta ware mutuwar bakin aiki daga mutuwar gida ba. Cikin waɗanda ta fitar daga tsarinta akwai sojoji da jami'an leƙen asiri, domin suna da nasu tsarin daban. Jami'an Shige da Fice da na Kwastam, waɗanda su ne kullum suke zaune a Jibiya da Illela da Kamba da Maigatari da Kongolam, suna ƙarƙashinta. Ga hukumomin da albashinsu yake fitowa daga baitulmalin Gwamnatin Tarayya, Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ne yake ƙulla yarjejeniyar da kamfanonin inshora shekara-shekara, ta hannun dillalai masu lasisin NAICOM, hukumar da take sa ido a kan harkar inshora.

Ga lissafi domin ka ga girman abin, kuma adadin misali ne kawai na ɗauko, ba albashin yayanka ba. Idan jimillar abin da ake biyansa a wata naira 150,000 ce, a shekara ya kama naira 1,800,000, ninki uku kuwa naira 5,400,000. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da doka ta ce a biya. Albashin da ake dubawa shi ne na matakin da yake kai lokacin rasuwarsa, kuma jimillar kafin a cire haraji da fansho da bashin ƙungiya, ba abin da yake shiga asusun bankinsa ba. Shi ya sa takardar albashinsa ta ƙarshe da takardar ƙarin girmansa ta ƙarshe suke da daraja. Na sha ganin an yi wa mutum lissafi da tsohon muƙaminsa saboda ƙarin girman da ya samu bai riga ya hau kan albashi ba, iyalai kuma suka karɓa ba su san akwai ragowa ba.

Wani zai ce, ai ya daɗe da ciwon, kamfani zai ce da ma can ba shi da lafiya. Wannan hujja tana aiki a inshorar da mutum ya je ya saya da kansa, inda ake tambayarsa tarihin lafiyarsa, in ya ɓoye a ƙi biya. A ta rukuni, kamfani jerin sunaye da albashi yake karɓa, ya yi farashi a kan dubban mutane a haɗe, ya kuma san cewa a cikinsu akwai mai hawan jini da mai ciwon suga da mai ciwon hanta. A gaskiya ma, cikin fayilolin da na riƙa dubawa, na waɗanda ciwo ya kashe sun fi na haɗari yawa nesa ba kusa ba, kuma ana biyansu.

Abin da yake iya hana kuɗin fitowa

Tun da ciwo ba ya hanawa, me yake hanawa? Na farko, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro a duk lokacin da na ji an ce doguwar jinya, shi ne matsayin mutum a wurin aiki a watanninsa na ƙarshe. Jami'in da yake wani shingen da ke da nisan tafiyar sa'o'i daga babban asibiti, idan jiki ya matsa, yawanci abokan aikinsa ne suke cewa ya tafi gida ya huta za su riƙe masa. Ya tafi, mako biyu ya zama wata uku, ana tsakanin asibiti da maganin gida, babu wanda ya rubuta takardar hutun jinya, babu rahoton likita a fayil. Ranar da aka zo tantance ma'aikata ba a gan shi ba, sai a rubuta ya bar wurin aiki ba da izini ba, a tsayar da albashi. In aka kai ga cire sunansa daga jerin masu albashi kafin ya rasu, to sunansa ba zai fito a jerin da ke hannun kamfanin inshora ba. Na taɓa riƙe fayil ɗin wani bawan Allah da hakan ta faru da shi. Abin da ya ceci 'ya'yansa wata tsohuwar jaka ce da uwargidansa ta adana, cike da katunan asibiti da rasit na wankin ƙoda, kowanne da kwanan wata, wasu har sun yi laushi don ninkewa. Da su aka nuna cewa a ranakun da aka ce ya gudu daga aiki yana kwance ne ana yi masa wanki, aka gyara matsayinsa, sannan aka biya. Abin ya ci fiye da shekara guda. Don haka abu na farko da za ka bincika shi ne, albashin yayanka ya ci gaba da shiga har watan da ya rasu? In ya ci gaba, hankalinka ya kwanta ta wannan fuska. Haka kuma in da an riga an yi masa ritaya saboda rashin lafiya kafin rasuwar, da inshorar rai ta ƙare da ranar ritayar, sai fansho kaɗai ya rage.

Na biyu shi ne giɓin zubi. Ƙa'idar kamfanonin inshora a Najeriya ita ce in ba a biya kuɗin zubi ba, babu inshora. Yarjejeniyar ta wata goma sha biyu ce, kuma yakan faru ta ƙare kafin a sabunta, wani ya rasu a tsakani. A nan kamfani zai ce ba ruwansa, kuma yana da gaskiya. Amma haƙƙin bai faɗi ba, domin ƙaramin sashe na 6 na wancan sashe na 4 ya ce mai ɗaukar aikin da bai biya zubi ba, shi ne zai ɗauki nauyin biyan iyalan duk wanda ya rasu a wannan lokaci. Bambancin shi ne kuɗin zai jira kasafi, kuma jiran yana iya yin tsawo. In aka ce muku "ba a cikin inshora ya rasu ba", kada ku ɗauka an rufe magana. Ku nemi a rubuta muku hakan, ku kuma nemi a sa sunansa a jerin waɗanda gwamnati za ta biya kai tsaye.

Na uku takardu ne, kuma a nan al'adarmu takan yi karo da tsarin ofis. Mu Musulmi, mutum ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, babu wanda hankalinsa yake kan takarda, kuma haka ya kamata. Amma kamfanin inshora yana son shaidar likita mai bayyana dalilin mutuwa idan a asibiti aka rasu, da takardar rajistar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. In a asibiti yayanka ya cika, ka koma sashen ajiye bayanai da lambar katinsa su ba ka shaidar. In a gida ne, ka nemi rahoton likitan da yake duba shi, da takardar limamin da ya sallace shi ko ta mai unguwa mai tabbatar da binnewa, da rantsuwar kotu, sannan ka kai wa Hukumar Ƙidaya. Ka sa ido sosai a kan rubutun suna da ranar rasuwa. Mutum ɗaya ya zama Muhammad a NIN, Mohammed a takardar ɗaukar aiki, Muhammadu a katin asibiti, Mamman a wasiƙar mai unguwa; kowane bambanci sai ya mayar da fayil baya. Sunan da ke kan takardar albashinsa shi za ka sa a rubuta a ko'ina, harafi da harafi.

Diyyar ciwon da aiki ya jawo

A nan ne kaɗai dalilin mutuwa yake da tasiri, kuma a nan zan rage maka buri. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF yake gudanarwa, ta shafi ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni, ban da sojoji. Mai ɗaukar aiki yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa. Dokar ta san ciwon da aiki yake jawowa, ba haɗari kaɗai ba, kuma abin da take bayarwa ba ƙarami ba ne: matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye ana biyanta kashi 90 cikin 100 na albashin mamacin kowane wata, mai ɗa ɗaya kuma kashi 85. Sai dai dole a nuna alaƙa tsakanin ciwon da aikin.

Aikin iyaka yana da cututtukansa na gaskiya. Iyakar Najeriya da Nijar, mai tsawon kusan kilomita 1,500, tana tsakiyar yankin da sanƙarau yake ɓarkewa a lokacin zafi. Jami'i yana karɓar fasfo da takardu daga hannun ɗaruruwan matafiya, yana shiga motocin da suka cika maƙil, yana kwana a rumfa, yana shan ruwan da ya samu. Wanda ya kamu da sanƙarau ko kwalara ko tarin fuka a lokacin da cutar take yawo a garin da aka tura shi, iyalansa suna da hujjar da za a saurara. Wasu ƙasashe ma sun sauƙaƙa wannan hujja: a 2020 Amurka ta yi dokar da ta ce jami'in tsaron da korona ta kama shi cikin kwana 45 daga ranar aikinsa ta ƙarshe, a ɗauka a bakin aiki ya kamu. A wurinmu nauyin kawo hujja yana komawa kan iyalai da likitansu. Ciwon ƙoda kuwa yawanci hawan jini ne ko ciwon suga yake haifar da shi a hankali cikin shekaru, kuma ko da yake zafin rana da ƙarancin ruwan sha suna iya ƙara masa, da wuya likita ya sa hannu cewa aikin ne sanadi. In likitan yayanka yana ganin akwai alaƙa kuma zai rubuta, ku nema. In ba haka ba, a ganina kada ku ɓata kuɗin mota a kan wannan ƙofa alhali ƙofar inshorar rai da ta fansho suna buɗe.

In za ku nema, ku lura da lokaci. Dokar ta ce a sanar da mai ɗaukar aiki cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da buƙata cikin shekara guda daga rasuwa, sai in akwai uzuri na musamman a kai shekara uku. Kwana 14 ɗinku sun wuce, kamar yadda suke wuce wa kusan kowane gida, domin a lokacin ana zaman makoki, mata kuma sun shiga takaba. Amma dokar ta yi sassauci idan mai ɗaukar aikin da ma ya san da ciwon, kuma jami'in da ya yi watanni yana jinya da izini, babu yadda za a ce ofishinsa bai sani ba.

Kuɗin fansho da sauran ƙananan haƙƙoƙi

Abokin aikin nan ya kira shi ɗan abin da ya tara, amma tarin shekara goma sha shida ba ɗan abu ba ne. Dokar 2004 ta sa ma'aikaci ya zuba kashi 7.5 na albashinsa, gwamnati ma haka, dokar 2014 kuma ta ɗaga zuwa kashi 8 daga ma'aikaci da kashi 10 daga mai ɗaukar aiki, ga ribar da kuɗin ya yi. Wannan kuɗi yana hannun kamfanin fanshon da ya zaɓa, kuma hanyarsa daban take da ta inshora. Sashe na 8 na dokar 2014 ya ce ba a sakin sa sai da wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, sannan da amincewar PenCom, hukumar da take sa ido a kan harkar fansho. A jihohin Arewa kamfanonin fansho sukan karɓi umarnin kotun yanki mai hatimi a madadin takardar babbar kotu, amma ka je ofishinsu tukuna su ba ka jerin abin da suke buƙata a rubuce kafin ka biya kuɗin kotu. Ka kuma nemi cikakken bayanin asusun, ka duba ko akwai watannin da aka cire a albashi ba a zuba ba. Tun da bayan 2004 ya fara aiki, babu batun haƙƙin tsohon tsarin fansho a kansa.

Sauran kuwa ka tambaye su a sashen kula da walwalar ma'aikata lokaci guda: ragowar albashi ko alawus da bai karɓa ba, kuɗin jana'iza da ƙa'idojin aikin gwamnati suka tanada, ajiyarsa a ƙungiyar adashen ma'aikata, da kashi 2.5 da ake cirewa na Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yake mayar wa magada in babu bashi a kansa.

Sunanka da ke kan takarda

Yanzu ga ɓangaren da ya fi nauyi a kanka kai kanka. Gurbin nan da ake cikewa ranar ɗaukar aiki, mu Hausawa mun saba fassara shi da "magaji", kuma wannan fassara ta raba gidaje da yawa. Ainihin ma'anarsa makusanci ne, wato wanda za a nema idan wani abu ya faru. Bai mayar da kai mai dukiya ba. A kan kuɗin fansho babu ma gardama, tun da doka ta ce sai da takardar kotu mai bayyana magada. A kan kuɗin inshora kuwa akwai ɗan bambanci: dokar 2004 ta sa a zuba shi cikin asusun fansho, amma ta 2014 ta ce kamfani ya biya wanda ma'aikaci ya ambata a matsayin mai cin gajiya. Saboda haka ka nemi a nuna maka fayil ɗin ka gani da idonka, a wane gurbi sunanka yake, na makusanci ko na mai cin gajiya, kuma ko ya sabunta bayan ya yi aure ba ku sani ba. Mai yiwuwa ne kuɗin ya faɗo cikin asusunka kai kaɗai, kamfani kuma ya wanke hannunsa.

In hakan ta faru, ra'ayina shi ne amana ce aka damƙa maka. Malamai sun yi saɓani a kan ko irin wannan kuɗi yana cikin dukiyar da mamaci ya bari ne a raba shi gado, ko kuwa kyauta ce daga mai ɗaukar aiki ga wanda aka ambata. Haka nan an daɗe ana magana a kan inshorar kasuwanci ita kanta, tun hukuncin Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a Jidda a 1985 da ya haramta ta ya halatta ta taimakekeniya, ko da yake malamai da dama suna bambanta wadda mutum ya saya da wadda gwamnati ta yi masa a cikin sharuɗɗan aikinsa ba tare da ya zuba komai ba. Ni ma'aikacin inshora ne, fatawa ba tawa ba ce, wannan na alƙali ne da malaman garinku. Abin da na sani daga aiki shi ne, saurayin da ya rubuta sunan ƙaninsa yana da shekara ashirin da 'yan kai, ba ya nufin ya hana 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna. Mantuwa ce ta hana shi sabuntawa, kamar yadda take hana mafi yawan ma'aikata.

In aka bi rabon gado, bayan an fitar da bashin da ake binsa, wanda jinyar ƙoda takan bari da yawa, ga yadda naira 5,400,000 ɗin misalinmu za ta kasu, in mahaifinku ba ya raye. Matan biyu suna da tumuni, naira 675,000, kowacce 337,500. Hajiya tana da sudusi, naira 900,000. Ragowar naira 3,825,000 ta 'ya'ya ce, kowane namiji 850,000, kowace mace 425,000. Kai ba ka da kaso, domin 'ya'ya maza sun shamakance ɗan'uwa. Na faɗa maka wannan a fili ne don ka shiga wahalar da ido buɗe: kai za ka yi zirga-zirgar, wasu ne za su amfana. Kuɗin mota da na kotu da ka kashe kana da damar a mayar maka daga dukiyar, don haka ka sami littafi ka riƙa rubutawa da rasit, ka kuma riƙa karanta wa Hajiya da matan biyu a zama ɗaya, ba kowacce a ɗakinta ba. Gidan da ke da mata biyu, ko da ana zaman lafiya, kuɗin da ya daɗe bai fito ba yana haifar da zargi, kuma a kan mai bin takardu yake sauka. In za a nemi takardar kotu, ina ba da shawara a sa sunanka tare da na wakili daga kowane ɗaki.

Yadda za ka fara

Ka rubuta wasiƙar sanar da rasuwa zuwa ga kwanturolan rundunar da yake aiki a ƙarƙashinta, ko da sun riga sun sani har sun zo ta'aziyya, domin ta'aziyya ba ta buɗe fayil. Ka haɗa da shaidar likita, takardar Hukumar Ƙidaya, takardar ɗaukar aiki, ta ƙarin girma ta ƙarshe, takardun albashin watanninsa na ƙarshe, katin shaidarsa na aiki, lambar asusun fanshonsa, da hotuna da NIN da bayanan banki na waɗanda za a biya. Kada ka ba da asalin kowace takarda sai an nuna maka dole ne, kuma kowace wasiƙa ka kai, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinka. Daga runduna fayil zai tafi hedikwata a Abuja, daga nan zuwa ofishin da yake riƙe da yarjejeniyar inshorar, sannan dillali da kamfani. Ka nemi lambar wasiƙar da aka tura da ita a kowane mataki, domin da ita ake bibiya. "Ana kan aiki" ba amsa ba ce da za ka iya kai wa ofishi na gaba. A lokaci guda ka buɗe maganar fansho da ta kotu, kada ka jira ɗaya ta ƙare.

Za a sami masu cewa su san hanya, a ba su kashi goma ko ashirin su fito da kuɗin cikin mako biyu. Babu wani kuɗi da doka ta ɗora wa iyalai kafin a biya su inshorar rai, kuma kada ka sa hannu a takardar shaidar karɓar kuɗi wadda ba a rubuta adadin kuɗi a kanta ba. In fayil ya isa kamfanin inshora da cikakkun takardu ya kwanta, NAICOM tana da sashen karɓar koke. In a wurin kamfanin fansho ne, PenCom ake kai wa. In kuma a cikin ofisoshin gwamnati ya maƙale, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tana da ofishi a kowace jiha kuma kyauta take aiki.

Duk abin da na faɗa a kan dokar Najeriya ne da kuma abin da ka rubuto, ban ga fayil ɗin yayanka ba, kuma abu biyu a cikinsa suna iya sauya lissafin: matsayinsa a jerin masu albashi ranar da ya rasu, da gurbin da sunanka yake. Ka fara da waɗannan biyun a makon nan. Ka karɓi bayanin asusun bankinsa na wata shida na ƙarshe ta hanyar da bankin ya tanada wa magada, ko ka duba saƙonnin shigar albashi a wayarsa in tana hannunku, kuma ka gaya wa matansa kada a zubar da ko rasit ɗaya na asibiti.